Rigan da Aka Yi Mini Bulala a Kansa

Ranar da na je tantancewar neman gurbin digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, jakata cike take da takardu, asali da kwafi, kowace na jera ta a mazauninta tun dare. Ba wanda ya fara tambayata ko ɗaya daga cikinsu. Wani dattijon Farfesa ne ya turo mini farar takarda da biro, ya ce, "Malam, rubuta mana wuya sau biyu, na jiki da ta wahala, ka sa wa kowanne karin sautinsa."

Na riƙe biro ina kallon takarda. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Hausa a sakandare, ga digiri biyu a hannu, amma sai da na yi ta maimaita kalmar a zuci kamar mai koyon magana. Wuyan jiki sama yake farawa ya sauka, wuyar wahala daga ƙasa take tashi ta hau. Na san haka a baki, kunnena ne ya ƙi gaya wa hannuna. Da ƙyar na rubuta, na miƙa, ina cewa, "Ranka ya daɗe, wannan kam wuyan aiki ne."

Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau. "Wuyan aiki ko wuyar aiki? Kai ɗan cikin birni ne ko?"

Na ce daga Kwarbai nake, a cikin birnin Zariya. Sai ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a gefen takardata. Ban sani ba a lokacin, ashe wannan tuntuɓen harshe da na yi shi zan shafe shekara shida ina bi.

Wannan shi ne zuwana na biyu. Karon farko, a 2017, ko kusa da ɗakin tantancewa ban kai ba. Abin da ake nema a takarda ba ɓoyayye ba ne, kuma kusan iri ɗaya ne a jami'o'in Najeriya. Sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci, wanda mutum zai yi mamakin yadda ake tono masa shi bayan shekara ashirin. Digirin farko da bai gaza mataki na biyu ba, ko da na ƙasa ne. Digiri na biyu a fannin ko makusancinsa, kuma irin wanda ake rubuta kundin bincike, da matsakaicin maki da a yawancin wurare ba a son ya gaza 3.5 cikin 5. Sai takardar bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digirin farko. Sai malamai uku da za su shaide ka, da ɗan taƙaitaccen tsarin binciken da kake son yi. Fom ɗin ta intanet ake cikewa, a biya kuɗi, a buga rasit a adana.

Duk waɗannan ina da su. Abin da ya kayar da ni shi ne takardar cikakken sakamako, wadda muke cewa tiranskirif. Ba a karɓarta daga hannun ɗalibi, dole jami'ar da ka baro ta aika kai tsaye. Na biya kuɗi a can inda na yi digiri na biyu, na dawo Zariya na miƙe ƙafa ina jiran ikon Allah. Har aka rufe karɓa ba ta iso ba. A shekara ta gaba ban yi wannan gangancin ba. Wata huɗu kafin a buɗe fom na hau mota na je da kaina, na kwana biyu a ɗakin wani tsohon abokina, na bi fayil ɗin ofis zuwa ofis har na ga an rufe ambulan an buga hatimi. Zuwa da kai ya fi aike, kuma duk wanda ya tambaye ni shawara yanzu da wannan nake fara masa.

Da na sake duba tsarin binciken da na haɗa a 2017, sai na gode wa Allah da bai kai gaban kowa ba. Take na sa masa mai faɗi kamar filin Idi, wai nazarin karin harshen Zazzau gaba ɗaya, sauti da kalma da jimla da ma'ana. Aikin mutum goma ne. Bayan an ba ni gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, aka haɗa ni da kwamitin masu duba aiki na mutum uku, shugaban kwamitin ya zama shi wannan dattijo. Zamanmu na farko ya ce, "Ka tuna wuyan aikinka? Je ka gano mini wa ke cewa wuyan, wa ke cewa wuyar, a ina, a gaban wa. Ya ishe ka."

Raina bai so ba, kuma akwai dalili. Ina aji huɗu a firamare wani malami ya sa mu rubuta jimloli, na rubuta "rigana ya yage". Ya kira ni gaban aji ya karanta da ƙarfi, yara suka yi dariya, duk da cewa rabinsu haka suke faɗa a gida. Bulala uku ya yi mini, kowace da kalmarta: riga mace ce, rigata, ta yage. Tun daga ranar na ɗauki maganar gidanmu a matsayin kuskure. Da na zama malami ni ma jan biro na riƙa zubawa a kan "motan" da "makarantan". Yanzu ga Farfesa yana cewa in je in yi digirin digirgir a kan abin da na yi shekaru ina gogewa.

Shekarar farko ta aji ce, kuma duk wanda ya ce maka digiri na uku bincike ne zalla bai zauna a wannan ajin ba. Mun yi ilimin furuci da tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, walwalar harshe da dabarun bincike, kowanne da jarrabawarsa da takardar da za ka gabatar. Kullum sai na tashi daga makarantar da nake koyarwa, in fita ta Ƙofar Doka, in kama mota zuwa PZ, in sake wata ta Kwangila da Palladan har Samaru. Sau da yawa da allin aji a hannun riga nake shiga lacca. Abokan karatuna da ke koyarwa a kwalejojin ilimi da jami'o'in gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, mu malaman sakandare kuwa ba ma cikin wannan layi. Daga albashi nake yanka, sai ɗan abin da gonar masara ta kawo.

Ginin jimla ne ya fi ba ni wahala. Ra'in masanin harshe Chomsky da rassan bishiyoyin da ake zanawa don feɗe jimla sun sa na raina kaina, jimlar da yaro ɗan shekara uku ke faɗa ba tare da tunani ba sai ta cinye mini shafi guda. Ginin kalma kuwa daɗinsa na ji, musamman giredin aikatau guda bakwai da Parsons ya tsara a 1960. Ka ɗauki saiwa ɗaya ka ga yadda take juyawa: saya, sayo, saye, sayar, sayu. Tun ina yaro nake juya su ban taɓa lura cewa tsari ne ba. Haka dokar Klingenheben, Bajamushen da ya bayyana dalilin da ya sa Basakkwace ke cewa "zamna" da "sabka" alhali Bakano na cewa "zauna" da "sauka". A makaranta an nuna mana kamar Sakkwatawa ne suka lanƙwasa kalmar. Ashe su ne suka riƙe tsohuwar siga, sauran ne baƙin ya narke musu ya zama wasali.

A nan ne tunanina ya fara juyawa game da rigan. Daidaitacciyar Hausa da muke koyarwa an gina ta ne galibi a kan Kananci, aka zaɓe ta don rubutu da makaranta da rediyo. Abin dariyar shi ne a nan Zariya aka yi mafi yawan aikin kafa ta, domin a nan Hukumar Talifi ta zauna, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a Tudun Wada kamfanin Gaskiya yake. Garin da ya buga wa duniya "rigar" shi ne garin da ke cewa "rigan" in an koma gida.

Da na shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ina bitar ayyukan magabata, sai na ga lamarin ya fi zurfin da na zata. Wannan -r da ke ƙarshen "rigar" daga "ta" ta samo asali, kamar yadda -n ta fito daga "na". Ita kuma "t" ta mace tsohuwar gado ce a babban dangin harsunan da Greenberg ya sa Hausa a ciki, dangin da ya haɗa harsunan Cadi da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da na Misira ta dā. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san "ta" ɗin da ke ƙarshen sunayen mata a Larabci. To wannan alama mai dubban shekaru ce Zazzagawa suka sassauta riƙonta, kuma ba su kaɗai ba, harsunan Cadi da dama sun yar da jinsi gaba ɗaya. Na karanta ƙamus ɗin Bargery na 1934, da manyan littattafan nahawu na Newman da Jaggar da suka fito a 2000 da 2001, da kundayen da aka ajiye a sashe. An ambaci cewa jinsi ya raunana a Hausar kudanci, Zazzau da Bauchi. Abin da ban samu yadda nake so ba shi ne wanda ya zauna ya saurari mutanen unguwa unguwa. Wannan giɓin na kai gaban semina.

Semina ta kare tsarin bincike ita ce ƙofa ta gaske. Ana tara malaman sashe da ɗalibai, a ba ka 'yan mintuna ka yi bayani, sannan a buɗe fage. Na shiga da ƙarfin gwiwa na ce dalilin ɓacewar jinsi a Zazzaganci shi ne cuɗanya da Gwari da sauran al'ummomin kudancin masarautar, waɗanda harsunansu ba su raba kalma namiji da mace. Wata malama ta ɗaga hannu. "Malam, wannan sakamako ne ko hasashe? In ka riga ka san amsa, me za ka je nema?" Na fara kame-kame. Ta ce hasashen yana da ma'ana, masana sun taɓo shi, amma rikodar da zan ɗauka a bana ba za ta gaya mini abin da ya faru shekara ɗari biyu baya ba. Wani kuma ya tambaya mata nawa zan ɗauka, kuma ta yaya ni namiji zan shiga gidajen cikin birni da aka rubuta "ba a shiga" a zaure. Ban tanadi amsar wannan ba sam. An amince da aikin bisa sharaɗin in cire da'awar dalili daga manufofina, in kuma sake babin hanyoyin bincike. Na fito gumi ya jiƙa mini riga, ina jin haushin malamar. Yau in na haɗu da ita har ƙasa nake gaishe ta.

Fita fili shi ne inda na fi koyon abu, kuma nan na fi yin wauta. Na fara da wani dattijo maƙwabcinmu, wanda tun ina yaro nake jin yana cewa "gonan" da "kasuwan". Na je da rikoda, na gaishe shi, na ce, "Baba, hira nake so mu yi don karatuna." Yana ganin jar fitilar na'urar ta kama sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya koma mai karanta labarai a gidan rediyon Kaduna. Gonar, kasuwar, makarantar, ko tuntuɓe babu. Ina kashewa ya juya ya ce wa jikansa, "Kai, ɗauko mini butan nan." Kamar in yi kuka.

Da na kai kuka wurin Farfesa dariya ya yi. Ya ce wannan matsala tana da suna a fannin, kuma William Labov ya yi fama da ita tun shekarun 1960 lokacin da yake nazarin furucin mutanen New York a Amurka: kana son jin yadda mutum ke magana in ba a sauraronsa, amma ba ka da hanyar ji sai ka saurare shi. Dabarar ita ce ka kai mutum ga labarin da zai mantar da shi na'ura. Sai na daina tambayar harshe kwata-kwata. Na koma tambayar tsofaffi ranar da suka fi jin tsoro a rayuwa, ko yadda ake hawan Sallah suna yara, ko rigimar iyakar gona. Minti goma na farko nakan bar shi a matsayin maganar taka-tsantsan. Da labari ya yi zafi, sai ka ji "dokin ya tsallake katangan" ta fito da kanta. Daga baya ma na gane cewa wannan minti goman ba asara ba ne, shi ne ya nuna mini mutum ɗaya yana da Hausa biyu a baki, kuma ya san lokacin fito da kowace.

Ɗaukar murya a ɓoye haramun ne a wannan aiki, sai da izini. Amma miƙa wa tsoho takarda ka ce ya sa hannu tamkar ka ce masa ka zo karɓar gona ne. Don haka sai na fara da mai unguwa, in yi masa bayani, ya haɗa ni da yaro, sannan in ɗauki amincewar mutum da bakinsa a farkon rikoda. Na kuma yi alkawarin ba sunan kowa a kundin, lamba ce kawai da shekaru da unguwa.

Maganar mata kuwa, maiɗakina ce ta fitar da ni. Na koya mata riƙe na'ura da irin tambayoyin, ta riƙa shiga gidaje da rana bayan an sauke tukunya. Rikodinta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, don mata ba sa yi mata Hausar rediyo. Wata rana muna sauraro tare ta tsayar da na'urar ta ce, "Malam, ka lura? Goggo ta ce 'yarinyan ta zo', ba ta ce 'ya zo' ba. Amma da ta zo kan tukunya sai ta ce 'ya fashe'." Na mayar baya na sake ji. Wannan lura tata ta zama ƙashin bayan babi na huɗu: jinsin halitta yana nan daram a wakilin suna in ana maganar mace 'yar Adam, na kayan da ba su da rai ne ya sake. Sunanta na cikin godiya a shafin farko, amma a gaskiya ya fi ƙarfin godiya.

Na zagaya cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, sannan na fita Soba da Maƙarfi da Kudan. Na so in haɗa da wasu ƙauyukan Giwa, rashin tsaro ya sa na janye, na rubuta hakan ƙarara a cikin iyakokin bincike. Sabon Gari ta ba ni ciwon kai na daban, don a can akwai wanda Hausa ce harshensa na biyu ko na uku, kuma shi ma "motan" yake cewa, amma ta wata hanyar ya iso wurin. Raba waɗannan biyu ya ci mini watanni.

Sai zaman rubuta abin da aka ɗauka. Babu wanda ya gargaɗe ni cewa hirar awa ɗaya za ta iya cinye mini kwana biyu. Da manhajar ELAN nake yanka magana jimla jimla, in kuma karin sauti ya rikice mini sai in buɗe Praat in ga layin murya yana hawa yana sauka. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gashin kai da gashin nama suke kama ɗaya a takarda. A aikina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bazazzage in ya ce "matana", yana iya nufin matarsa ɗaya, yana iya nufin matansa. Harafi bai bambanta su ba, karin gaɓar farko ne kawai: ta ɗaya ƙasa take farawa, ta jam'i sama. Wani abokina Bakano ya taɓa tambayata yaushe na ƙara aure bai sani ba. Da na ji wannan bambanci da kunnena ba tare da na duba kwamfuta ba, a ranar na san jarrabawar wuya ta wuce.

A cikin wannan hali korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai har Disamba. A 2022 aka sake wani na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ƙa'idar karatun cikakken lokaci ita ce aƙalla zango shida, wato shekara uku, amma kalandar takarda daban, ta rayuwa daban. Ba zan ɗora wa waɗannan duka laifin jinkirina ba. Babbar asarar da na yi da hannuna na jawo ta: kwamfutata ta mutu da aikin wata uku a ciki, ban ajiye kwafi ko'ina ba. Allah Ya taimake ni muryoyin suna kan katin na'ura. Na sake zama daga farko. Tun daga nan komai wuri uku nake ajiye shi, ɗaya a imel. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 da tashin kuɗin mota bayan cire tallafin mai su ma sun rage mini zirga-zirga, har wasu tambayoyin cike giɓi ta waya na ƙarasa su.

Ina da aboki da ke irin wannan karatu a Amurka, mukan kwatanta. Su ana iya ɗaukar mutum daga digirin farko kai tsaye, a ba shi kimanin shekara biyar da tallafi, ya yi shekara biyu ko fiye yana aji, ya rubuta manyan takardun cancanta, galibi biyu a fannoni daban, kafin a yarda ya fara kundi. Na yi masa sha'awar ɗakin karatu da wutar da ba ta ɗaukewa. Shi kuma yana yi mini sha'awar cewa masu harshen da nake nazari suna bayan katangar gidanmu, alhali shi sai ya tara kuɗin jirgi kafin ya ji jimla ɗaya daga bakin mai ita.

Rubutun kundi ya tafi da gyara a kan gyara. Kowane babi sai ya bi ta hannun mutum uku, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Na koyi in kai wa shugaban kwamiti saɓanin da ladabi ya yanke, maimakon in yi ta goge abin da wani ya ce in sa. Na gabatar da seminar ci gaban aiki, na fitar da maƙaloli daga cikin kundin aka buga a mujallun ilimi, don ana so a ga wasu masana na waje sun tantance wani yanki na aikin. A nan akwai tarko. Akwai mujallun da za su karɓi kuɗinka su buga cikin mako guda ba wanda ya karanta, kuma malamai sun san su. Tawa ta farko wata bakwai ta yi, ta dawo da gyaran da ya kusa kai tsawon ita kanta maƙalar. Bayan haka aka saka kundin a manhajar gano satar fasaha, sannan kariya ta cikin gida, inda malaman sashe ke yi maka tankaɗe da rairaya kafin baƙo ya gani.

Ranar kariya ta ƙarshe, mai jarrabawa na waje ya zo daga wata jami'a da kundina a hannu, gefen shafuka duk ya sha lanƙwasa. Ya yi tambaya a kan yadda na zaɓi mutane, ya kama ni da kurakuran karin sauti a misalai guda shida, ya nuna mini wani aiki da ya kamata in karanta ban karanta ba. Ya tambayi dalilin da ya sa ban ce komai a kan musabbabin sauyin ba, na ce bayanan da na tara ba su isa su ɗauki wannan nauyi ba, na bar shi a shawarwarin bincike na gaba. Na hango malamar nan tana gyaɗa kai.

Daga ƙarshe ya rufe kundin ya ce, "Malam, an ce kai malamin sakandare ne. Gobe ɗalibinka ya rubuta maka 'rigan', me za ka yi masa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan gyara masa, don mai duba jarrabawar WAEC ba zai yafe masa ba. Amma zan gaya masa Hausa biyu gare shi, ta takarda da ta gida, kuma ta gidan ma tana da ƙa'idarta."

"Bulala fa?"

Ashe ya karanta har shafin sadaukarwa. Na ce babu.

Aka ce in fita. Na tsaya a baranda minti ashirin da suka yi mini kamar shekara. Da aka kira ni aka ce na ci, da ƙananan gyare-gyare. Gyaran ya ɗauke ni mako biyar, mai jarrabawa na cikin gida ya duba ya sa hannu, aka ɗinke kundi da bango mai tauri, na bi sa hannun kwamiti da shugaban sashe da Makarantar Karatun Gaba da Digiri. Ko bayan haka ba ka zama Dakta a hukumance ba sai majalisar jami'a ta zauna ta amince da sakamakon. Mutanen unguwa dai ba su jira majalisa ba, tun ranar kariya suka fara kirana Dakta, har wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni maganin ciwon gwiwa.

Ranar bikin yaye ɗalibai ban cire rigar bikin ba, da ita na shiga mota har Kwarbai, yara na bina a lungu. Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ajiye kundin a gabanta. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta jinjina nauyinsa, ta ce, "Duk surutun da muka yi ne ya zama wannan?" Na ce shi ne, Inna, kuma muryarki ce lamba ta ɗaya. Ta ajiye shi a kan tabarma, ta kama gefen rigar tana murzawa da yatsu kamar mai tayin atamfa.

"To Allah Ya sa albarka. Amma rigan nan naka ne, ko aro ne za ka mayar?"